Zauren Tamfol

Fam ɗari uku da hamsin, in ji mai kanti a Shrewsbury,
har da turaku da igiya.
Na ce, Lantana, zo mu tafi.
Tirelar nan duka-duka taku shida ce,
in na miƙe ƙafa sai ta shuri murhu,
in kin juya sai buta ta yi ƙara.
Wa ke ɗinka wa akurki babbar riga?

Ta ce, Tanimu, kai kuɗi kake ƙirgawa,
ni takalma.
In sun jiƙe ina za su kwana?
Kan matashinka?

Muka saya.
Ban ce uffan ba har Welshpool.

A Barmouth, bayan tudun rairayi,
na zazzage buhu kan ciyawa.
Sanduna sha ɗaya, kowace ta rantse
ba ta taɓa ganin 'yar'uwarta ba.
Ina zura bakin tamfol, iskar teku na fizgewa,
guduma ta bar turke ta sami babban yatsana.
Na ce, kin gani ko?
Wahala tana zaune a kanti, mun je mun biya mun ɗauko ta.

Sai ga wani dattijo daga tirelar gefe,
hularsa ta sha ruwan shekaru.
Ya kama ɗaya bakin, bai tambayi garinmu ba.
Ya ce sunansa Emrys,
ya ce turke a karkace ake buga shi,
kansa yana gudun rumfa.

Da dare sama ta buɗe baki.
Kwana uku ba ta rufe ba.

Takalma huɗu suka yi sahu a bushe.
Lantana ta fito da kasko tana tuyar ƙosai,
ƙaurin mai bai shiga katifa ba.
Na shimfiɗa darduma, karon farko a tafiya
na yi sujada goshina bai gaisa da ƙafar tebur ba.
Ruwa na kiɗa a saman kaina,
ban faɗa mata yana mini daɗi ba.

A ƙasar nan mutum ba ya buga ƙofar da ba a kira shi ba.
Rumfa kuwa ba ta da ƙofa.
Emrys ya zo wucewa da karensa,
ya tsaya duba igiya, wai,
ya duba, ya sake dubawa,
har Lantana ta turo kujera da ƙafa.
Ƙosai biyar ya ci kafin ya ce
bara war haka Glenys ce ke riƙe masa ɗaya bakin.
Muka yi shiru, mu uku da kare.
Shayi ya huce, aka ɗora wani.

Nan na gane abin da muka saya.
Shekara ashirin ina gida ba zaure.

Daren na huɗu iska ta zo karɓar haraji.
Ƙarfe biyu, ina waje da gajeren wando,
ina kokawa da tamfol kamar mai ka da sa.
Sanda ɗaya ta lanƙwashe,
gefe ya yage tsawon kamu guda.
Muka naɗe ta jiƙe, ta yi nauyin buhun gero,
mako guda tana shanye a matakalar gidanmu a Wolverhampton,
duk mai hawa sai ya sunkuya.

Jiya a wurin aiki Ɗanliti ya tambaye ni ko ta ci kuɗinta.
Na ce, in kullum tashi za ka yi, bar ta a kanti.
In bayanka na ciwo, bar ta.
Tsada kuma, har gobe tana da tsada.

Ya ce, to me ya huda maka yatsa?
Na ce, basilla.
Emrys ya aiko da kati,
wai mako na biyu na Agusta,
zai zo da sabuwar sanda.