Ma'aunin Ƙofa

A ƙasar da ake ƙera agogon da nake gyarawa
aka haife shi, in ji shi,
can inda duwatsu ba sa cire farar hula.
Sunansa Rudi. Yaran titin Kakawa suka lanƙwasa masa harafi
ya koma Ruɗi, bai damu ba.

Shekara talatin ya yi a Ingila
yana bin kangayen coci da kaburburan da sunansu ya goge,
yana zana su don masu kuɗin da ba sa son laka a takalmi.
Da gwiwa ta fara ƙara sai sanyi ya koro shi.
Ga shi a Ikko da kujerar naɗewa,
tawada ta ci bakin aljihunsa na hagu.

Gaban teburina yake zama.
Ni da tabarau mai ido ɗaya ina leƙen cikin agogo,
shi da ido biyu yana leƙen gidan Iya Morenike,
bene mai ruwan ɗorawa da kakanta ya gina
bayan ya dawo daga Barazil da cokalin gini da baƙon suna.

Ba ya yi wa bango kwalliya.
Tsagar da ta sauko daga taga har ƙasa, ya sa ta.
Gansakuka, ya sa. Wayar lantarki da aka sato, ya sa.
Na ce, Bature, rufa wa gidan asiri mana.
Ya ce in likita ya ɓoye ciwo, wa zai san me ya kashe?

Danfo na zagi, mai agege na kira,
ruwan Yuni ya sauko kamar da gayya,
sai ya tura takardar cikin riga, ya bar kansa ya jiƙe.

Ranar wata Talata katafila ta zo.
Kafin la'asar sararin sama ya ƙaru a unguwar.
Iya Morenike ba ta yi kuka ba.
Ta zo ta tsaya a kansa, ta ce, nuna mini.
Ta ɗora yatsa a taga ta uku:
nan aka yanke mini cibiya.
Ya yage shafin ya miƙa mata,
aikin kwana goma sha ɗaya, ko sisi bai karɓa ba.

Da tari ya tsananta, 'yar ƙanwarsa ta zo ta tafi da shi.
Ya bar mini agogonsa da ba ya buƙatar gyara
da littafi guda, bangonsa ya kumbura da raɓa.

Sai bayan sallar isha na buɗe.
Masallacin lungu, shagon ɗinki, rijiyar da aka rufe da kwano,
kuma a kusurwar kowane shafi
ga wani ɗan mutum da hula ta karkace,
bai kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba.
Ni ne. Ya taɓa faɗa mini:
in babu mutum a tsaye, ba a sanin tsayin ƙofa.

Gine-ginen nan rabinsu babu su yau.
Banki ne, ko wurin ajiye motoci.
Ni da aka sa don awo, ni na rage.

Bara aka bugo daga Kazaure
cewa soron mahaifinmu ya zauna a damina.
Na juya bayan rasit, na ɗauki biro.
Na ja ƙofa. Na ja dakalin da yake jingina sanda.
Da na zo rufi sai hannuna ya tsaya:
azara nawa ne? Na kwana ƙarƙashinsu shekara goma sha tara.

Agogon Rudi na tafiya a aljihuna.
Na zana ɗan mutum a bakin ƙofar,
na bar saman a buɗe.