Mai Ɗigon Ja

A ƙauyenmu, can kudancin Fotugal,
inda zaitun ya fi mutane yawa,
katanga guda ta raba ni da Deolinda,
duwatsu jere ba siminti,
kowane rami da ɗan hayarsa.

Ba ta kashe dodon koɗi, ba ta cinsa,
ko da yake garin nan kowa da tafarnuwa yake dafa shi.
Da asuba take tsince su daga kabejinta
ta wurgo mini ta saman katanga
kamar ni ne jujin unguwa.
Shekara goma sha ɗaya muna wannan shari'a.

Na ce, "Wahalar banza kike, komawa suke."
Ta ce, "Amilkar, tsufa ya taɓa ka.
Abin da ba shi da ƙafa, ina ya san hanya?"
Ta ɗauko jan farcen jikarta
ta ɗiga wa guda a gadon baya,
ta cillo.

Dare huɗu na bi shi da tocila.
Ciki ne ƙafarsa, yauƙi ne hanyarsa,
shi ke shimfiɗa ta, shi ke taka ta.
Ido biyu a kan ƙaho,
ka taɓa, su nutse kamar yatsan safa.
Ya wuce ɗan'uwansa tsirara,
wanda bai gaji ɗaki ba, sai dai ƙarƙashin dutse,
ba su ko gaisa ba.
Na kara kunne kusa da ganye
na ji harshensa na kankara,
ƙaramin magagari mai haƙora dubbai.

Ran na biyar na ji salatinta irin nasu,
tana kiran sunan waliyyai:
ga shi a kan kabejin jiya.
Ta sake cillowa. Ya sake komawa.
A karo na uku ta bar masa kabeji guda
ta ce haƙƙin zama ne.

Da zafi ya sauka, ƙasa ta tsage,
ya hau karan ciyawa, nesa da turɓaya,
ya toshe ƙofarsa da busasshen yawu
ya yi wata uku bai ce uffan ba.
Deolinda ma ta kwanta a watannin nan.
Ni ke kai mata miya,
ita ke cewa gishiri ya yi yawa.

Ruwan Oktoba ya tashe shi. Ita ma ta miƙe, da sanda.

Ni na ga abin, ban faɗa mata ba:
wata baƙar tsutsa mai gaɓa-gaɓa
ta bi zaren azurfar nan har inda ya ƙare,
ta hau bayansa kamar mai sukuwa,
ta cije shi, ta jira, ta sake cizo,
sannan ta cusa kai cikin ɗakin
ta sha mai gidan kamar kunu.
Kwana biyu, sai kwanso,
ɗigon ja yana nan, bai ko koɗe ba.
Na sa shi a aljihun kwat.

Ta yi ta nema har sanyi ya wuce.
Ta ce na dafa shi. Ban musa ba.

Daren Yuni, muna zaune, kowa a ɓangarensa,
sai ga koren haske a gindin katanga,
makesu mace, marar fiffike,
ta ɗaga wutsiya tana kiran masu tashi sama.
Ba ta da bakin ci yanzu.
Abin da ta tara tana tsutsa
shi take ƙonawa, mako biyu, ta mutu.

Deolinda ta ce, "Dubi fitila ba mai."
Na ce, "Akwai mai. Da kabejinki aka saye shi."
Na miƙa mata kwanson ta saman katanga.

Ta jujjuya shi a tafin hannu, ta daɗe.
Ta dubi hasken.
Da safe na tsinci bakwai a cikin latas ɗina,
kowanne da ɗigon ja.