Gaɓa ta Arba'in da Ɗaya

A Bergen ruwa ya ƙi ɗaukewa.
Torunn ta sake kunna kiɗan,
goge ya taso sumul,
sai ƙyas! wani amo a gaɓa ta arba'in da ɗaya,
kamar tsakuwa a lomar shinkafa.

Ta zargi lasifika, ta sauya waya,
ta rufe bakin ganguna ɗaya bayan ɗaya.
Shayi ya huce. Amon yana nan daram.

Da ta sa manhajar ta tono ɓoyayyu,
ga ɗigo toka-toka a layin sarewa,
layin Eilif, wanda aka binne da kaka.
Shi ya dasa shi, bai gaya wa kowa ba.

Yatsanta ya kai maɓallin gogewa,
ya dawo.
Ta ƙara sauti.