Abin da Ruwa Ya Ci

A Yelwa, daren damina,
ina gindin dogon ƙarfen sadarwa, kwamfuta a cinya.
Can cikin gungu, tsakiyar Kwara,
Malama Tumba na son turo hoton ƙafar yaron da maciji ya sara
zuwa ga likita a Birnin Kebbi.

Sau uku ta turo shi ɗungurungum.
Sau uku tsawa ta gutsure shi a hanya,
aka koma fari,
kamar mai zubar da tulu don tsinke ya faɗa ciki.

Sai na tuna kakana Ɗangwani, mai fito.
Bai taɓa jefa doguwar magana ƙetaren ruwa ba.
Gunduwa-gunduwa yake yankan ta, kamar giwan ruwa a faranti.
"Buhu bakwai!"
Ya kasa kunne.
"Bakwai, na ji!"
Sannan ya ce na wane ne.
In iska ta sace kalma ɗaya,
ita kaɗai yake maimaitawa.

Na datsa hoton ƙanana, na ba kowane yanki lamba,
na ƙulla masa ɗan lissafi a wutsiya
don in ya iso da rauni, ya tona kansa.
Na ɗora gyara a kai,
irin ta mai awon shinkafa da ta san mudu na zuba a hanya:
ƙaramin giɓi ya cike ba sai an koma kasuwa ba.

Ɗaya ya iso. Biyu. Takwas.
Tara ya nutse.
Goma bai tsaya makokinsa ba, ya wuce.
Na'ura ta ce: tara kawai, sake turo tara.

Da ruwa ya tsananta na rage lodi,
da ya lafa na ƙara.
Wanda ya cika kwalekwale don sauri
shi ke yin fito sau biyu.

Ƙarfe ɗaya saura, ƙafar yaron ta haɗu a allo,
kumburi da tabon haƙori biyu.
Likita ya rubuto sunan allura.
Tumba ta amsa da kalma biyu,
na kakana.

Wayata ta yi ƙara, Hajo ce daga gida.
Layi na tsattsage muryarta:
"Tuwon ya... ka dawo da..."
Ban ce ta faro daga sallama ba.
Na ce, "Da me?"
Ta ce, "Da lema."