Mu Shida, Mota ta Bakwai

Mun bar Maradi ana kiran assalatu,
Mokoyo ko juyi ba ta yi ba,
sai mai ƙosai da ke hura wuta bakin titi.
Nomau ya murza makulli sau uku, shiru,
muka sauka muka tura, kamar kullum,
Cima na dariya, takalminta a hannu.

Mu shida ne, mota ta bakwai,
ita ce babbarmu, ita ce mai yawan ciwo.
Lasifika biyu a samanta, ɗaure da roba,
janareto tsakanin ƙafafuna yana yoyo,
kalangun Tsahiru a cinyarsa kamar jinjiri,
ko ni bai yarda in riƙe masa ba.

Ni ne mai gurmi, ni ne mai littafin bashi.
A shafin dama: isansi jika tara, faci ɗari biyar.
A na hagu: baitin da ya faɗo mini a Cadawa
ina tsugune ina miƙa wa Nomau sifana.
Da baƙin mai a yatsa na rubuta shi,
har yau kalmar ƙarshe ba ta karantuwa.

A shingen Agye jandarma ya leƙo,
ya dubi takardu, ya dubi jitar Barmu,
ya ce, "Wannan abar tana magana kuwa?
Ku yi mini ta garinmu."
Ba mu san garinsu ba, ba mu san waƙar ba,
Cima ta ƙago masa ita nan take,
ya sauke igiya yana gyaɗa kai,
ya ce haka kakarsa take rera ta.

Tasawa. Bikin ƙungiyar mahauta.
Mun kafa kaya, mun ɗaura waya,
hadari ya taso daga gabas bai yi sallama ba.
Janareto ya yi tari biyu ya mutu.
Muka koma rumfar kwano, mu da mutum arba'in,
ruwa na kiɗa a sama, Tsahiru na ba shi amsa,
muryar Cima ba lasifika, tsirararta,
wani tsoho mai wuƙa a ƙugu ya rufe fuska da hula.
Da safe aka ba mu rabin kuɗi
da cinyar rago a takardar siminti.
Na rubuta: saura jika goma sha biyu.
Na san ba za su zo ba. Na dai rubuta.

A Mayahi muka yi faɗa kan tabarma,
Barmu ya ce shi ya gama, gobe zai koma ɗinki.
Tun bara yake gamawa.
Da asuba shi ya tashe mu da shayi.

A Dakoro wayar Tsahiru ta yi ƙara
ana tsakiyar kiɗa, bai ɗauka ba.
Da aka tashi ya koma bayan mota ya kira,
ya dawo ya zauna a kan taya:
"Mace ce. Tun la'asar."
Babu wanda ya san abin faɗi,
sai Nomau ya danna oda sau bakwai
har karnukan garin suka amsa.

Kwana sha ɗaya. Ga fitilun Maradi,
ga gulbi ya kawo ruwa ba mu nan,
gero ya fi ni tsawo a hanyar Tibiri.
Muka raba abin da ya saura a kan bonet,
kowa ya zare ɗari biyar ya tura gaban Tsahiru,
motar ma aka cire mata na birki.

Na shiga gida, ɗana ya laɓe bayan randa,
sai da na taɓa tsirkiya ya leƙo.
Uwarsa ta ce, "Yaushe kuma?"
Na ce Alhamis, Madarunfa.
Ta karɓi rigar, ta shinshina,
ta ce, "Isansi da hayaƙin nama,"
ta jefa ta cikin bokiti.