Sannu da Zuwa

Kwana tara ke nan da saukata Gamsarka,
akwatina na bayan ƙofa, rabinsa a ɗaure.
Inna ta leƙo ta ce, "Mudi,
ko dai kana shirin komawa?"

Wata goma sha ɗaya na yi a Indiya.
Na tafi da zaton a kan titi ake rawa,
sai na tarar da aji, da fanka mai tsaki,
da tsohuwar malama mai jan ɗigo a goshi
da ta ce: kar ka tsare yaro da ina amsa,
tambayi hanyar da ya bi kafin ya ɓata,
daga nan ake fara koyarwa.

Ranar ƙarshe an ba mu takarda mai hatimi,
an tafa, an yi hoto, an sha lemo.
Ba wannan ce sallamar ba.
Sallama da dare aka yi ta, a saman bene,
tsakanin igiyoyin shanya,
babu mai jawabi sai tukunya tana dafuwa.

Juma na Zanzibar ya yi shinkafa da kanumfari,
ni na dama kunu da geron kasuwarsu.
Na miƙa wa Bishnu ragowar kilishi,
ya haɗa tafuka yana murmushi.
Kullum sai na manta ba ya cin naman shanu,
shi ko tashina sahur, bai taɓa yin mantuwa ba,
sai ya buga bango sau uku, ya koma kwanciya,
ni in tashi da kunya da godiya da hamma,
ban san wadda ta fi yawa ba.

Wanjiru ta Kenya Hausarta jimla ɗaya ce.
Da mota ta zo ɗaukarmu da asuba
ta tsaya a bakin ƙofa, idonta ya yi ja,
ta ɗaga hannu ta ce, "Sannu da zuwa."
Ban gyara mata ba.

Nasrin kuwa ƙulli ta cusa min a aljihu.
"Ajina ɗari da biyu ne, babu benci,
da wannan muke lissafi."
Sai a jirgi na kwance: ƙwallon tsamiya!
Na haye teku da ƙwallon tsamiya
zuwa garin da awaki ke taka shi a hanya.
Inna ta yi dariya har ɗankwali na faɗuwa.

Litinin na shiga aji uku.
Rabin yaran na fadama suna korar jan-baki,
kwano na yoyo a kusurwar gabas.
Na raba su biyar-biyar, na zuba musu ƙwallon.
Bakwai a tara da takwas.
Delu ta ce sha huɗu.
Tsawa ta taso min har maƙogwaro, na haɗiye,
na durƙusa na ce, "Ta ina kika bi?"
Ta ce, "Malam, sha biyar ne,
ɗaya na ƙarƙashin ƙafar Barau, ya hana ni ɗauka."
Ajin ya ɗauka da shewa.

Da yamma na hau tudun tankin ruwa,
nan kaɗai waya ke kama magana.
Na ba su labarin Delu da Turancina mai ɗingishi.
A wurin Bishnu dare ya yi nisa,
a wurin Juma an idar da isha.
Saƙon ya yi ta juyi, ya tafi,
shamuwa biyu suka wuce ta kan shinkafa.

Na sauko, na kwance sauran akwatin.
Riguna duk ƙamshin kanumfari.
Inna ta shinshina ta ce a kai wanki.
Na ce a bar min ɗaya tukuna,
ba ta gama dawowa ba.