Wurin Miƙa

A Sharaɗa, bayan tukunyar tururi,
Injiniya Rumasa'u ta ce: kusanto, kar ka taɓa.
Bututun nan da hantsi
ya fi na asuba tsawo da yatsa biyu.

Ni kuwa na ɗaure shi tamau a takarda,
noti nan, walda can,
na ɗauka ƙarfi ke nan.
Ta zagaye gwiwar da jan biro:
nan zai fara tsagewa.
Ƙarfe ma yana son wurin miƙa,
ba shi lanƙwasa, sassauta madogara.

Da dare a Gwammaja, an ɗauke wuta,
ina sake lissafin zafi da nauyi,
sai na tuna ƙanena Tasi'u,
yadda na matse shi
har ya daina zama in na shigo.